Na Juya da Su Kafin Dutsen Zane

Jiya a shagon tela na titin 116 na ji ɗayanku yana cewa, da Turancinsa, wai Tonton Ila, wato ni kawunku, ya more, biyansa ake yi ya tafi yawo. Ban tanka ba, don abinci nake ci. Yau tunda kun taru kuna jiran ɗinkinku, ku gyara zama. Hausa zan yi, na san kuna ji, amsawa ce kawai ba ku yi da ita.

Ni Iliyasu, mutumin Agadas ne. Sana'ata jagoranci: in ɗauki mutane in shiga hamada da su a ƙafa, in nuna musu zanen da mutanen dā suka sassaƙa a jikin duwatsu, in fito da su. Na yi shekara ashirin ina yi a ƙasarmu, na kusa goma ina yi daga nan New York zuwa hamadar Arizona.

Aikina na farko ba jagoranci ba ne, girki ne. Ina da shekara ashirin da biyu wani tsohon Buzu, Baba Agali, ya ɗauke ni in riƙa dafa wa anasaran da yake kaiwa duwatsun arewa taliya da shayi. Shekara uku ban taɓa tafiya a gaba ba. Kullum ni ne na ƙarshe a layi, da salka a kafaɗa. Wata rana muna tafe da Faransawa bakwai, sai ya tsaya ya kira ni. Ya ce, "Ila, wa ya daina magana?" Na ce ban lura ba. Ya ce, "To me kake yi a baya? Ni hanya nake kallo. Mutanen fa na bar wa wa?" Ya nuna wani dogon likita da tun safe yake ba da labari, yanzu ya yi tsit yana jan ƙafa. Muka zaunar da shi a inuwa, muka ba shi ruwa da gishiri, sai da ya yi awa biyu kafin ya san inda yake. Likita ne fa, amma bai gane abin da ke cinsa ba. Zafi haka yake, hankali yake fara ɗaukewa, shi ya sa mai shi ba ya faɗa.

Sau ɗaya tak Baba Agali ya taɓa dukana. Akwai wani babban raƙumin dawa da aka sassaƙa a kan faifan dutse, ya fi mutum biyu tsawo. Na ga baƙi ba su gane inda wuyansa ya bi ba, sai na sa yatsa ina bi musu layin. Sandar tsohon kawai na ji a bayan hannuna. Ya ce, "Da baki ake nunawa. In kai ka shafa, na gobe ya shafa, jikanka me zai tarar?" Har yau in ina gaban zane, hannuwana a baya suke.

Da tsaro ya lalace a arewa, anasara suka ɗauke ƙafa. Motocin kat-kat, masu shiga rairayi da muke ɗaukar baƙi da su, suka yi ta tsatsa a ƙofar gidaje. Na taho nan, na kafa tebur a titin 125 ina sayar da tabarau da huluna. Amma na zo da wata jaka cike da wasiƙun yabo da baƙi suka rubuto mini tsawon shekaru. Da takarduna suka fito, na shiga lakwal, wato makarantar koyon taimakon gaggawa, na sami shaida, na riƙa bin kamfanonin yawon buɗe ido da jakar nan. Wata mata mai ƙaramin kamfani a Manhattan, Madam Linda, ta ɗauke ni, don tana da masu jin Faransanci kuma ba ta da mai yi musu magana.

Kada ku ɗauka don na san hamadarmu sai na san tasu. Zango biyu na yi ina ɗaukar kaya a bayan wani jagora da na girme shi da shekara ashirin, ban ji kunya ba. A wurinsa na san macijin da ke kaɗa wutsiya kamar caki. A wurinsa na san wata ƙaya mai dunƙule, wadda in ka gifta ta sai ta ɓalle ta manne maka a ƙwauri, in ka sa hannu ka cire ta kama hannun. Da mataji ake cire ta, irin na taje gashi: ka zura shi tsakanin ƙayar da fata ka fizge. Shi ya sa kuke ganin mataji a aljihuna ga kai ba gashi. A jakata kuma akwai gishiri, da dabino, da usur, da taswira ta takarda, da rawanina na gida, wanda in an jiƙa shi aka naɗa wa mutum a wuya ya fi duk tsummokin da ake sayarwa da tsada. Ruwa shi ne nauyin. Nawa daban, na wanda zai zubar da nasa ko ya shanye tun da safe daban. Sannan kowace safiya, kafin a tashi, sai na sa kowa ya taka ƙasa a gabana in ga sawun takalminsa. Suna dariya, suna cewa al'adar Afirka ce. Ba al'ada ba ce, aiki ne.

Tafiyar da ta raba ni da kamfanin a ƙarshen watan Mayu aka yi ta, lokacin da zafi ya fara kankama. Mutum tara ne. Hanyar sananniya ce, ana tururuwa a kanta lokacin sanyi. Tana hawa cikin duwatsu kamar awa uku, ta ƙare a wani katon bango mai ɗauke da ɗaruruwan zane: ragunan dutse masu murɗaɗɗen ƙaho, da mutane masu manyan hannuwa, da da'irori. Dutsen yana da wata baƙar fata da rana da shekaru suka yi masa, masu zanen suka bi da tsinin dutse suna ƙwanƙwasa ta har farin ciki ya fito. Tun a otal na gaya musu ƙa'idata: duk inda ƙarfe goma ta same mu, daga nan za mu juya. Kowa ya ce ya yarda.

A cikinsu akwai Mista Filip, mai ofishin sayar da gidaje, wanda kowace shekara yake kawo wa Madam Linda abokansa. Yana rataye da kyamara biyu. Duk taku goma sai ya tsaya, shi ya cinye mana safiyar. Wajen takwas da rabi muka iso ƙananan duwatsu masu zane da ke bakin hanya. Ina yi wa sauran bayani, na waiwaya na gan shi durƙushe da farin alli a hannu, yana bin layin wani rago don ya fito sosai a hoto. Ya riga ya yi ƙaho ɗaya.

Na ce, "Mista Filip, ba ni allin nan."

Ya ce, "Alli ne kawai. Ruwan sama zai wanke."

Na ce, "Ba ya wankuwa duka. Kuma jikokin waɗanda suka yi zanen nan suna da ransu, suna zuwa nan ziyara. Ba ni."

Ya juya ya ci gaba. Na kama wuyan hannunsa, na zare allin, na sa a aljihu. Ban murɗe shi ba, ban ture shi ba. Ya miƙe fuskarsa ta yi ja, ya ce ko na san shi waye. Na ce na sani, mu tafi, rana tana yi.

Ƙarfe tara da rabi Madam Ros ta daina magana. Tsohuwar malamar makaranta ce, ta haura saba'in, tun daga filin jirgi take tambayata sunan kowane tsiro. Na koma kusa da ita. Rigar kowa ta jiƙe da gumi, tata a bushe. Na tambaye ta sunan otal ɗinmu, ta yi murmushi ta ce yanzu zai zo mata. Bangon zane saura tafiyar rabin awa, ana ma hango baƙinsa daga inda muke.

Na busa usur, na ce mun juya.

Aka yi ca a kaina. Wani ya ce goma ba ta yi ba. Mista Filip ya ce, "Mun taso tun daga New York, ga abin can muna gani, ka ce mu koma saboda mutum ɗaya? Ka zauna da ita a inuwa, mu mu je mu dawo."

Na ce, "Ba na raba mutanena biyu. Kuma matar nan ba inuwa take buƙata ba, ƙasa take buƙata, kusa da mota."

Ya ɗaga salularsa ya nuna mini hanya a jikinta, shuɗin layi har bango. Ya ce ba ya buƙatata. Ba ni da ikon ɗaure babban mutum. Na ba shi gorar ruwa ɗaya a kan nasa, na miƙa masa usur, ya karɓi ruwan ya ƙi usur. Na ce kada ya sauka daga hanya ko da taku ɗaya. Ya wuce bai waiwayo ba.

Saukowa da Madam Ros awa biyu da rabi ta ci. Na jiƙa rawani na naɗa mata, na riƙa ba ta ruwan gishiri kurɓi-kurɓi da ɓallin dabino, na sa maza biyu suka riƙe ta ta kowane gefe, ni ina gaba ina zaɓar mata wurin taku. Da muka iso mota na damƙa ta ga direba ya kai ta asibitin garin, na kira masu gadin wurin na gaya musu akwai mutum ɗaya a sama, na kuma gaya musu zancen allin. Suka ce motarsu tana nesa, sai nan da awa biyu. Na cika gorori na koma hawa da tsakar rana. Wanda ya ce yawo ne, ya gwada hawan nan ƙarfe goma sha biyu, bayan ya riga ya hau ya sauko.

Bai kai bangon ba. Akwai wani faifan dutse inda hanya take ɓacewa, sai wanda ya sani ne zai ga ta ci gaba ta hagu. A gefen faifan, cikin rairayi, na ga sawunsa ya yi dama: takalmi mai zanen kibiya a dunduniya, wanda ya taka mini da safe yana dariya. Na bi shi cikin wani ƙaramin kwazazzabo. Na same shi zaune a gindin dutse, ruwansa ya ƙare, salular ta ɗauki zafi ta kashe kanta. Ƙayar nan mai dunƙule ta kama masa ƙwauri, ya sa hannu, ta kama hannu biyun. Yana ganina ya fara kuka ba hawaye. Na ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, na zaro mataji na yi aikina. Da la'asar muka haɗu da masu gadi a rabin hanya. A mota ya riƙe hannuna ya ce ba zai manta ba.

Bai manta ba kuwa. Kwana huɗu da dawowarmu Madam Linda ta kira ni ofis. Ta juyo mini da kwamfuta. Ya rubuta a intanet cewa jagoran kamfanin ya kai masa hari, ya watsar da shi a hamada, ya kuma kai ƙararsa wurin hukuma a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta ajiye mini takarda ta ce in sa hannu. Takardar ban-haƙuri ce, tana cewa na yi kuskure wajen taɓa shi da wajen yanke tafiyar.

Ta ce, "Ila, ni na san ka yi daidai. Takarda ce kawai. Ka sa hannu ya goge abin da ya rubuta, kowa ya huta."

Na ce, "Madam, in kin san na yi daidai, me ya sa takardar ta ce na yi kuskure?"

Ta ce, "Mutumin nan shi ke cika mini tafiya biyu a shekara."

Na ce, "In na sa hannu yau, gobe in na ce a juya, wa zai juya? Kowa zai ce ai wancan karon ma ya ba da haƙuri. Wata rana gawa zan sauko miki da ita."

Ta ce in je in yi tunani zuwa Litinin. Na ce ba sai Litinin ba. Na cire hular kamfanin na ajiye a kan takardar, na sauka na shiga jirgin ƙasa na dawo Harlem.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata, har ta fi wadda anasara suka daina zuwa Agadas, don waccan kowa ta shafa, wannan ni kaɗai. Kamfanonin nan ƙanana ne, duk sun san juna. Na rubuta wa uku, ba wanda ya amsa. Na koma tebur: lema in ana ruwa, safar hannu in ana sanyi. Dusar ƙanƙara ta shekarar ta shiga gwiwoyina. A bakin masallaci mutanenmu suna ce mini, "Malam Ila, kai da Allah ya fitar daga hamada ya kawo ka Amurka, ka sake neman wata hamadar? Ka nemi tasi ka huta." Wani ya ce girman kai ne ya hana ni sa hannu, wai mu baƙi ba a san mu da taurin kai ba. Na ce masa a kan tabarau zan iya rage wa mai saye, a kan wannan ba ragi. Kowace safiya bayan sallah ina saɓa buhun shinkafa a jakar baya in hau matakalan lambun Morningside sau goma, don kada ƙafa ta manta. Shaidar taimakon gaggawa da ta ƙare na koma na sabunta ta, ba tare da na san ko zan sake amfani da ita ba.

Wata ranar Asabar cikin bazara wani mai shagon turare ya zo teburina da wata tsohuwar baturiya a bayansa. Ya ce, "Ga baƙuwarka, tun safe take bin shaguna tana tambayar Ila na hamada." Madam Ros ce. Sai a lokacin ta ji an sallame ni. Ta ce, "Me ya hana ka yin naka?" Na ce izinin kai mutane wuraren nan ba a ba mutum haka kawai, sai da inshora da shaidu. Ta zauna a kan kujerata, cikin hayaniyar titi, ta rubuta wasiƙa shafi uku da hannunta. Masu gadin da na kira ranar nan su ma suka ba da tasu shaidar. Wata biyar ana kai da komo kafin izinin ya fito da sunana.

Tafiyata ta farko da sunan kaina a watan Satumba aka yi ta, da mutum goma. Madam Ros ta kawo ƙawayenta biyar. Sauran huɗun namu ne: Hajiya Rabi, 'yar Zangon Kumasi da ke zaune a University Heights tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, da abokan aikinta uku. Ita ta tara su. Ta ce shekara goma sha biyar tana Amurka, ban da Bronx da gidajen tsofaffi ba ta ga komai ba. Da ƙyar aka ba su hutun kwana uku: ɗaya zuwa, ɗaya tafiyar, ɗaya dawowa. Ba ranar ƙari.

Na zaɓi wata hanya mai sauƙi a kan tudu, inda ba zafi sosai. Sai dai ƙarshenta yana bi ta wani matsattsen kwazazzabo, bango dama bango hagu, zanen yana can ciki. Mun yi tafiyar awa biyu lafiya, Hajiya da takalmin da na sa ta saya, tana ta yi wa turawan waƙa. Muna isa bakin kwazazzabon na ɗaga kai na ga hadari ya haɗu a kan duwatsun arewa, can nesa, baƙi ƙirin. A kanmu kuwa rana ce tarwai. A irin wurin nan ba sai an yi ruwa a kanka ba. In ya sauka a can sama, duk ta wannan maƙogwaron zai biyo, da itace da duwatsu, kuma ba wurin hawa.

Na tsaya na daɗe ina kallonsa. Tafiyata ta farko ce. Ba kamfanin da zan fake da shi, duk abin da za a faɗa sunana za a kira. Zanen saura minti ashirin.

Na ce mun juya.

Hajiya ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Ei, Malam Ila! Wane ruwa? Ka dubi sama! Na bar tsohuwar da nake kula da ita a hannun wata, na hau jirgi awa biyar, na sayi takalmin maza, don in zo in ga ƙofar rami?"

Na ce, "Hajiya, ki zage ni a mota. A nan dai ba mai shiga."

Ta ce, "Minti ashirin fa ka ce."

Na ce, "Shiga ashirin, kallo talatin, fita ashirin. Ruwan ba ya kai haka in ya taso."

Madam Ros ta juya sandarta ta kama hanyar komawa. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ce ta ƙarshe, tana tafe tana waiwaye.

Kuna jira in ce muna fita ruwa ya ɓalle ya cika kwazazzabon. Bai zo ba. Ko ɗigo. Kafin mu kai mota hadarin ya watse, sama ta yi fes. Wasu matasa da suka wuce mu suka shiga, mun gan su da yamma a gidan abinci suna nuna hotunan zanen, Hajiya ta karɓi salularsu ta kalla, ta miƙo mini in gani. A jirgi ma ba ta bar ni ba. Har yau in mun haɗu wurin suna ko ɗaurin aure sai ta ɗaga murya ta ce, "Ga mai ruwan sama nan ya iso, ku kwashe shanya." Biyu daga cikin ƙawayen Madam Ros ba su sake tafiya da ni ba.

In aka mayar da ni bakin kwazazzabon nan gobe, da hadarin nan a arewa, abin da na yi shi zan sake yi. Su goma na ɗauka, su goma na sauke a unguwar Jamaica ta nan New York, kusa da filin jirgi, kowacce ta ja akwatinta tana mita ta nufi gida.